Ranar da Aka Bar Baba Saje a Kan Gadi

Tun da hantsi dusar ƙanƙara take sauka a Germantown, nan Amurka, irin mara nauyin nan da take narkewa da zarar ta taɓa kwalta. Yau ni ke riƙe da azumin zumuntarmu ta coci, shi ya sa na ɗauki hutu daga aiki na zauna kusa da taga da kofin ruwan ɗumi, cikina yana ta ƙugi. Hita tana hura ɗumi, miyar kuka tana jira a kan murhu, wayata cike take da caji. Duk da haka, in azumi ya haɗu da ƙanƙara hankalina ba ya zama wuri ɗaya. Komawa yake wajen shekara goma baya, lokacin da mahaifina ya kusa mutuwa a falon gidan nan saboda ba a kira shi a waya ba.

Mu Kiristoci ne 'yan ƙasar Zazzau, kuma a barikin soja aka haife mu, ni Rifkatu da ƙanena Ishaya. Mahaifinmu saje ne. Ko bayan ya yi ritaya ba wanda yake kiran sunansa na gaskiya, Baba Saje kowa yake cewa, har mu 'ya'yansa. A wurinsa bin Almasihu da aikin soja abu ɗaya ne, kaki ne kawai ya bambanta. Addu'ar asuba fareti yake kiranta, kuma wanda ya makara zai gane kurensa. Zuwa coci da takalmi mai ƙura raini ne ga Kwamanda. In wahala ta zo, cewa yake an tura ka bakin daga ne, ba a tambayi ra'ayinka ba, ka tsaya inda aka ajiye ka.

Ni kuwa tun ina yarinya bakina ba ya shiru. Na sha ce masa Allah Uba ne, ba kwamanda ba.

"Ni ma ai uba ne," in ji shi. "Kin taɓa ganin na ɗaga miki ƙafa?"

Ni na fara zuwa Amurka, na yi karatun jinya, na auri Markus. Daga baya Ishaya ya ci cacar biza ya biyo ni. Yaro ne mai fara'a, mai son waƙa, shi ke kaɗa mana ganga a coci. Da ya ga tsadar makaranta sai ya shiga sojan ƙasar nan, don sun ce za su biya masa karatu. Ranar da ya aika wa Baba hotonsa cikin kaki, an ce tsoho ya zagaya unguwa gida-gida yana nunawa. Sau biyu aka tura Ishaya Iraƙi. Ya dawo da hannuwansa biyu da ƙafafunsa biyu, muka yi ta godiya ga Allah, ba mu san ba duka ne ya dawo ba.

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidanmu muka ba shi. Ya toshe 'yar tagar da bargo, ya daina hawowa in da mutum a falo. A kan matakala nake ajiye masa abinci, in dawo in tarar an ɗan taɓa. In an rufe ƙofa da ƙarfi sai in ji wani abu ya faɗi a ƙasa, daga baya na gane shi ne yake kwanciya rubda ciki. Coci kuwa ya yanke. Wata rana yana jina ina addu'a a kicin, sai ya ɗago murya daga ƙasa ya ce, "Yaya, kada ki ƙara sa sunana a addu'a ina ji." Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, na yi kuka, na kuma ji haushinsa, don ni ba mai haƙuri ba ce.

Da mahaifiyarmu ta rasu muka ɗauko Baba ya zo ya zauna da mu. Ya sauka da shirinsa, a ganinsa mako guda ya ishe shi ya miƙar da yaron. Washegari da asuba ya sauka ƙasa ya buga ƙofa yana cewa a fito fareti. Ishaya ya buɗe, suka kalli juna, ya mayar da ƙofar ya murza makulli. Baba ya hawo a hankali ya zauna a kujera. Ban taɓa ganinsa ya rasa odar da zai bayar ba sai ranar.

"Na ga irin idon nan a Laberiya," ya ce daga baya. "Ba a yi wa masu shi tsawa."

Bai ƙara buga ƙofar ba. Abin da ya koma yi shi ne, duk ran Asabar ya ɗauki baƙin takalmin Ishaya na zuwa coci ya goge shi har ya riƙa ɗaukar ido, ya ajiye a saman matakala. Lahadi ta zo ta wuce takalmi yana nan. Asabar ta zagayo ya sake gogewa. Na ce masa, "Baba, ƙurar me kake gogewa a takalmin da ba ya zuwa ko'ina?" Ya ce kayan soja a shirye suke zama, ko ana yaƙi ko ba a yi.

Masu sujada da Hausa a yankin nan ba mu da yawa. Gidaje ne 'yan ƙalilan a warwatse, ɗalibai a College Park, wasu iyalai a Annandale can hayin Virginia, mu kuma nan. Ran Lahadi da yamma, in Turawa masu coci sun gama tasu, sai su ba mu aron wani ɗaki mu yi tamu, da ganga ɗaya da wani ya shigo da ita cikin akwati. Azumin da ake yi gabanin Ista ya fi ƙarfinmu a ƙasar nan. Wannan tana aikin kwana a asibiti, wancan yana tuƙi, ɗalibai suna jarrabawa. Sai muka raba shi karɓa-karɓa. Kowa ya ɗauki rana guda, daga faɗuwar rana zuwa faɗuwar rana, ba abinci sai ruwa, yana yi wa masu damuwa a cikinmu addu'a.

Kafin zuwan Baba abin sakaka muke yinsa. Wani lokaci mutum biyu su yi rana ɗaya, wani lokaci kowa ya zaci ranar wani ce. Da ya ji haka sai ya zaro ido.

"Wato akwai ranar da ƙofa take kwana ba kowa?"

A taron Lahadi ya miƙe ya tsara mana. Mai hawa zai ci abincinsa ya ƙoshi, sannan da faɗuwar rana ya kira mai sauka ya ce ya zo karɓar gadi. Mai sauka zai damƙa masa sunayen da ake riƙe da su, ɗaya bayan ɗaya. Sai mai hawa ya ce ya karɓa, sannan mai sauka ya buɗe baki. Kafin nan ko loma ɗaya babu.

Mama Talatu, wata dattijuwa da ke renon jikokinta a Annandale, ta ce, "Saje, coci muke ko bariki?"

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Amma tsarin ya zauna, kuma gaskiya ya yi daɗi. Mutanen da a da sai Lahadi muke jin muryarsu, yanzu kullum da yamma wani yana kiran wani. Duk ranar da Baba yake damƙa sunaye, na lura yana rage murya in ya zo na ƙarshe, don kada ya sauka ƙasa. Sunan Ishaya ne.

Baba yana da ciwon suga, kuma yana shan ƙwaya kowace safiya. Mun yi ta fama a kan ya bar wa masu lafiya azumin, ya ƙi. Muka daidaita a kan zai yi, amma ranar azuminsa ba zai sha ƙwayar ba, don in an sha ta ciki ba komai suga yakan faɗi ƙasa warwas. Ya gyaɗa kai, ni kuma na ɗauka mun gama magana.

A shekarar nan ina da tsohon ciki. Markus ya tafi gida jana'izar mahaifiyarsa, aka bar mu mu uku, ni da Baba a sama, Ishaya a ƙasa. Rediyo ya kwana biyu yana gargaɗi cewa ƙanƙara mai yawa tana tafe. Na je kanti na tarar an wawushe burodi da madara, na yi dariya na ce Turawa da tsoro. Da yamma wani ɗalibi daga College Park ya damƙa wa Baba gadi, lokacin ta fara sauka siri-siri. Mama Talatu ce za ta karɓe shi washegari.

Da gari ya waye ban gane unguwarmu ba. Motoci sun zama tuddai farare, ba titi, ba shinge, ƙofar gida ta ƙi buɗuwa sai da muka tura ta mu biyu. Ga wani shiru, ba ƙarar mota ko ɗaya, sai dai can ka ji reshen itace ya karye saboda nauyi. Kuma ba ta daina sauka ba.

Maƙwabcinmu Malam Isuhu, mutumin Maraɗi, Musulmi, direban tasi ne. Ya fito da shebur biyu. Kafin in yi magana Baba ya sa kwat da hular sanyi ya karɓi ɗaya. Na leƙa ta taga ina ce masa yana azumi, ya shigo, ya yi kamar bai ji ba. Su biyun suka sare hanya daga ƙofarmu zuwa tasu, sannan suka wuce ƙofar wata tsohuwar Baturiya da ke zaune ita kaɗai. Baba yana ba da oda, Malam Isuhu yana kiransa saje da Faransanci, yana cewa, "To, mon sergent," suna dariya, tururi yana fita daga bakinsu. Ya shigo da rana tsaka fuskarsa tana sheƙi, ya ce rabonsa da aikin kirki tun yana cikin kaki.

Bai gama cire takalmi ba aka ɗauke wuta.

Da farko abin dariya ya ba mu. Baba ya ce ashe har nan halin gida ya biyo mu. Amma a gida in an ɗauke wuta zafi ake ji, a fita waje a sha iska. A nan hita ce take mutuwa, da murhu, da wayar gida. Wayar hannuna da ma cajinta ya yi ƙasa, ban kula ba don na saba wuta ba ta yankewa, kafin la'asar ta mutu da duk lambobin mutanenmu a cikinta. Na kwashe kayan firij na binne su a ƙanƙarar bayan gida. Na tattaro barguna na kawo falo, na toshe ƙasan ƙofofi da tsofaffin zannuwa. Sanyi ya riƙa shigowa a hankali, ya fara da yatsun ƙafa, har muka koma ganin numfashinmu a cikin ɗaki.

Rana ta faɗi. Baba ya zauna kusa da wayar gida, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallonta.

"Baba, wayar nan ba ta aiki. Ranarka ta cika, ga burodi ga kifin sadin, ka ci."

"Ba a karɓe ni ba."

"Ta yaya za a karɓe ka? Ta sama Mama Talatu za ta biyo?"

"Wannan matsalarta ce. Tawa ita ce in tsaya."

Na ce to ni na karɓa, ya damƙa mini. Ya kalli cikina ya ce ba a sa mai ciki gadi, kuma shi da bakinsa ya kafa dokar a gaban jama'a. Na je gidan Malam Isuhu na ari wayarsa. Cajar motarsa ba ta shiga tawa, a lokacin kowace waya da irin bakinta. Lambar gidan Mama Talatu ce kaɗai na haddace, na kira ya fi a ƙirga, shiru. Da na dawo sai na ce wa Baba na same ta, ta ce ta karɓa.

"Madalla. Ba ni wayar in damƙa mata sunaye."

Na tsaya ina kame-kame. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce soja ba ya sauka da "an ce", ya ƙara jan bargo. Haka muka kwana a falo, ni ina juyi da ciki da haushi, shi yana zaune yana motsa baki.

Da safe na ga kwalbar maganinsa a kan tebur, murfinta a buɗe. Na ɗauke ta na nufi inda yake.

"Baba, ka sha ƙwayar nan?"

"Jiya da yau. Likita ya ce kowace safiya."

"Ba mun yi da kai ba za ka sha ba?"

"Ke kika faɗa. Likita bai janye odarsa ba."

Ranar na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa babba ba. Na ce taurin kai ne ba bangaskiya ba, na ce Allah bai roƙe shi gawa ba, na ce in ya mutu a falona me zan gaya wa dangi. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce a hankali, "Uwata, na yi wa yaron nan tsawa bai ji ba. Na yi shiru bai ji ba. Wannan kaɗai ya rage mini da zan iya yi masa. Kada ki ƙwace mini." Sai tausayinsa ya kama ni, na shiga kicin na yi kukana.

Malam Isuhu yana da ƙaramin murhun gas na zuwa daji. Matarsa ta dama kunun gero, ya kawo mana a fulas, ƙamshin citta ya cika falon. Na sha, jikina ya ɗan saki. Da ya ji abin da ake ciki sai ya durƙusa gaban Baba.

"Tsoho, in dai azumi na, mu mun saba da shi. Ba ni in riƙe maka har wutar kuran ta dawo."

Baba ya kama hannunsa da hannu biyu. "Na gode, Malam. Kai ma soja ne, ina jin motsinka kullum da asuba. Amma bataliyarmu ba ɗaya ba ce."

Kafin azahar abin da nake tsoro ya fara. Hannunsa ya kama rawa. A cikin sanyin da ruwa yake daskarewa a kofi, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya kira ni Saratu, sunan mahaifiyarmu, ya tambaye ni ko yara sun dawo daga makaranta. Malam Isuhu ya kira motar asibiti. Suka ce ba a share titinmu ba, za su zo amma za a jima, a ba shi wani abu mai zaƙi yanzu-yanzu. Na zuba suga a kunu na kai bakinsa. Duk da ruɗewar da yake ciki ya datse haƙora ya kau da kai. Aikina ke nan, na san abin da ke biyo bayan gumin nan, kuma na san ba ya jira.

Na ajiye kofin na nufi matakala. Na tsallake takalmin da ke sheƙi, na sauka ina dafa bango, na zauna a matakalar ƙarshe cikin duhu. Ban buga ƙofa ba, magana na fara. Na gaya wa Ishaya komai, tun daga tsarin gadin da Baba ya kafa har sunan da yake rage murya in ya zo kansa. Na ce ubanmu yana mutuwa a sama, kuma saboda shi ne.

Can sai muryarsa ta fito daga jikin ƙofar, ashe a nan yake zaune.

"Yaya, kin san abin da ake nufi da a karɓe ka gadi?"

Bai jira amsata ba ya ci gaba.

"Akwai wani abokina a can, yaro ne mai yawan dariya. Ya ga zazzaɓi yana damuna, ya zo ya karɓe ni tun lokacinsa bai yi ba. Ya ce in je in kwanta. Ban kai tanti ba na ji ƙarar bam. A wurin da nake tsaye, Yaya. Ni ya kamata."

Shekara biyu yana gidana, sai ranar na ji abin da yake ɗauke da shi. Duk ayoyin da na haddace ba wadda ta zo bakina.

"Ban san abin da zan ce maka ba, Ishaya," na ce. "Abin da na sani, akwai wani tsohon soja a sama da aka bari a kan gadi, kuma ba zai sauka ba."

Na hau na koma wurin Baba, na riƙe kansa ina share masa gumi. Malam Isuhu yana tsaye a bakin ƙofa yana leƙen titi. Sai na ji makulli ya motsa a ƙasa. Na ji taku yana hawowa, ya tsaya a saman matakala, aka ɗan jima. Da takun ya ci gaba sautinsa ya canza, ƙwas, ƙwas a kan katako.

Ishaya ya shigo falo yana ƙifta ido saboda hasken ƙanƙara da ke shigowa ta taga. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, ga tsohuwar rigar sanyi, ga wandon barci, ga baƙin takalmi yana ɗaukar ido. Ya zo gaban Baba ya haɗa dunduniya ya ƙame.

Baba ya ɗago kai da ƙyar. "Wane ne?"

"Kofur Ishaya ne, Saje. Na zo karɓar gadi."

Na ga tsohon ya yi ƙoƙarin miƙe bayansa. Ya daɗe yana kallon takalmin, sannan ya kalli fuskar.

"Ka ci abinci?"

"A'a, Saje."

"Ba a hawa gadi da yunwa. A ba shi."

Ni kuwa kamar in shaƙe su su biyun. Mutum yana bakin mutuwa yana bin ƙa'ida. Na tsiyaya kunu na miƙa wa Ishaya, ya shanye a tsaye duk da zafinsa, ya haɗa da burodi, Baba yana kallo har ya haɗiye lomar ƙarshe. Sannan ya fara damƙa sunaye. Mutumin da ɗazu bai gane ni ba, ga shi yana jero su daki-daki, ɗalibin da takardunsa suka maƙale, jikar Mama Talatu mai ciwon fuka, Markus da ke hanya, Rifkatu da abin da ke cikinta. Da ya zo na ƙarshe, wannan karon bai rage murya ba.

"Da wani yaro, soja ne, sunansa Ishaya. Ya tafi bakin daga, har yau bai iso gida ba."

Ishaya ya ce, "Wannan ya yi mini nauyi, Saje."

"Ni ma ya yi mini nauyi. Ba a ce ka kai shi gida ba. Riƙe shi za ka yi zuwa faɗuwar rana gobe, wani ya karɓe ka."

Ishaya ya ɗaga hannu ya sara masa, hawaye yana bin gemunsa. "Na karɓa."

Sai Baba ya buɗe baki. Ishaya ne ya durƙusa ya riƙe masa kofin, yana ba shi kaɗan-kaɗan. Kafin masu motar asibiti su iso, da ƙafa, suna nutsewa har gwiwa, rawar hannun ta tsaya, har ya fara yi musu bayanin yadda ya kamata a share titi.

Da wuta ta dawo, kiran farko na Mama Talatu ne, tana kuka. Ashe ita ma da rana ta faɗi ta ci abincinta ta hau azumin a cikin duhu, waya ce kawai ta rasa. Na ce wa Baba, "Ka ji ko? Ƙofar ba ta taɓa zama ba kowa ba, wahalar banza ka sha." Ya kalli ɗansa da ke zaune a ƙasa kusa da ƙafarsa, ya ce shi bai ga banza ba.

Ba zan ce Ishaya ya warke a ranar ba. Ya sha komawa ƙasa ya kulle ƙofa. An ɗauki shekaru ana zuwa wurin likitocin tsofaffin sojoji, Baba yana raka shi a jirgin ƙasa, ya zauna a waje ya jira. A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen nan ne ya ba Baba labarin abokinsa. Ishaya ya gaya mini tsohon bai yi masa wa'azi ba, cewa kawai ya yi, "Duk mai numfashi, wani ne ya tsaya a wurinsa. Mu da muke yin Ista ai mun san haka." A Istar shekarar ya bi mu coci, ya zauna kusa da ƙofa, bayansa a jikin bango. Ganga kuwa sai bayan shekara uku ya sake taɓa ta.

Baba ya koma gida, a can ya rasu, aka binne shi kusa da mahaifiyarmu. Zumuntarmu ta ƙaru. Yanzu muna da zaure a waya, mai hawa azumi hoton hannuwa biyu a haɗe yake turawa, mai sauka ya gani ya ci abincinsa. Ya fi sauƙi, kuma tun daga lokacin ba wanda ya kusa mutuwa, don haka ba na ƙorafi. Ishaya ya yi aure, yana zaune a Annandale. Kowace shekara shi yake zaɓar ranar da ke bin tawa, kuma shi ba ya tura hoto.

Ga rana ta faɗi, ƙanƙarar ta tsaya, titi baƙi ƙirin kamar ba a yi ba. Na kunna wa miya wuta ke nan wayata ta yi ƙara.

"Yaya, Ishaya ne. Na zo karɓar gadi."

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

Na jero masa sunayen bana, marasa lafiya da masu neman aiki da wata da ta yi ɓari. Da na gama sai na yi shiru, don duk shekara ina so in ji ko lokaci ya yi da zan daina sa sunansa.

"Saura ɗaya," in ji shi.

"Da Ishaya."

"Na karɓa. Je ki ci tuwonki."